Yadda ake nazarin cibiyar galaksi da ƙura ta lulluɓe, ta hanyar hasken eksire daga sararin samaniya

A tsakiyar kusan kowace babbar galaksi akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi, wani lokaci biliyoyi. Idan iskar gas tana kwarara cikinsa da yawa, sai ta zama faifai mai zafi da ke juyawa, cibiyar ta haskaka ƙwarai. Irin wannan cibiya ita masana ke kira AGN a taƙaice. A saman faifan akwai wani gajimare na elektiron masu tsananin zafi, ana ce masa korona, shi ne ke ɗaukar hasken faifan ya ƙara masa ƙarfi har ya koma eksire (X-ray), hasken da ido ba ya gani. Sai dai mafi yawan waɗannan cibiyoyi a lulluɓe suke. Gas da ƙura sun kewaye su cikin wani zobe mai kauri, siffarsa kamar gammo, kuma idan layin ganinmu ya ratsa ta jikin zoben, hasken da ido ke gani ba ya fitowa. Tun 1985 aka tabbatar da haka a galaksin NGC 1068, lokacin da masanan taurari Antonucci da Miller suka gano alamun cibiyar da ke ɓoye a cikin hasken da ya warwatso ta gefe.

Eksire ya fi hasken ido iya huda gas, amma iskar duniya tana shanye shi gaba ɗaya, don haka dole na'urar ta kasance a kan tauraron ɗan'adam. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, a cibiyar da aka lulluɓe sosai, yawancin abin da na'urarka ta kama ba hasken korona ba ne kai tsaye. Wani ya bugi bangon zoben ya dawo, wani ya warwatso daga gas ɗin da ke nesa, wani kuma na maƙwabta ne da suka faɗo cikin hoton. Aikin gaba ɗaya rarrabe waɗannan ne.

Fara da sanin ma'aunin lulluɓi

Ana auna kaurin shingen da adadin atam ɗin haidirojin da ke kan layin gani a kowane murabba'in santimita, ana rubuta shi N_H. Daga 10²² zuwa sama ana cewa cibiyar a lulluɓe take. A wannan matakin gas yana shanye fotan, wato ƙwayoyin haske, waɗanda ƙarfinsu bai kai keV 1 zuwa 2 ba (keV ma'aunin ƙarfin fotan ne, eV dubu ɗaya ke nan). Idan N_H ya kai 10²³, yankewar takan matsa zuwa wajen keV 3 zuwa 4. Idan ya kai 10²⁴, kusan duk abin da ke ƙasa da keV 8 zuwa 10 ya tafi.

Akwai wata iyaka mai muhimmanci a 1.5×10²⁴. Wannan adadi ya fito ne daga girman damar da fotan ke da ita na cin karo da elektiron, wato 6.65×10⁻²⁵ na murabba'in santimita. Ka raba ɗaya da wannan, za ka samu iyakar. Da zarar an wuce ta, ko fotan mai ƙarfin keV 30 da gas ba ya iya shanyewa, zai yi karo da elektiron ya kauce daga hanyarsa. Irin wannan cibiya ake cewa tana da kaurin Compton. Ricci da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na cibiyoyin da BAT, wata na'urar eksire da ke kan tauraron ɗan'adam, ta gano suna da wannan kauri, amma bayan an yi gyaran waɗanda suka kuɓuce wa na'urar, adadin ya kai wajen kashi 27. Tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu ita ce dalilin da ya sa ake wannan wahala. Haka kuma hasken eksire da ya cika sararin samaniya ta kowace fuska yana kai ƙololuwa a wajen keV 30, kuma ba a iya bayyana wannan tudu sai an sa ɓoyayyun cibiyoyi a lissafi.

Zaɓar abin da za a duba

Lokacin na'ura yana da tsada kuma gasa ake yi a kansa, saboda haka kada ka nemi kallon galaksi sai kana da dalilin zargin akwai abin da ke ɓoye. Hanya mafi sauƙi ita ce kundin BAT, na'urar da ke kan tauraron Swift da aka harba a 2004, wadda ke duba sararin sama duka tsakanin keV 14 da 195. Cibiyar da ta fito sosai a BAT amma ta dusashe a keV 2 zuwa 10 abar zargi ce. Amma BAT ba ta kama masu rauni, kuma idan N_H ya doshi 10²⁵ ita ma tana rasa su.

Hanya ta biyu ta fi isa nesa. Ƙurar da ta shanye hasken cibiya tana ɗumama, ta sake fitar da shi a matsayin hasken infirared. A bayanan tauraron WISE, bambancin launi na 0.8 ko sama tsakanin zangon maikuron 3.4 da na 4.6 (maikuron ma'aunin tsawon zangon haske ne) alama ce ta AGN mai ƙarfi. Layukan da gas na wajen zoben ke fitarwa, wato hasken da kowane sinadari ke fitarwa a wani takamaiman zango, ma suna taimakawa, kamar na oksijin a angistirom 5007 (wajen rabin maikuron) da na maikuron 25.9, da na niyon a maikuron 14.3. Galaksin da ke da mesa (maser), wato siginar rediyo mai ƙarfi da tururin ruwa ke fitarwa a gigahaz 22, ita ma ka sa mata ido, domin ba a cika ganin irin wannan mesa ba sai ana kallon faifan ta gefensa, inda shinge ya fi kauri. Ƙa'idar ɗaya ce a dukkansu: wani ma'auni da ƙura ba ta cika shafa ba yana cewa cibiyar na da ƙarfi, eksire na ƙasa da keV 10 kuma yana cewa ba ta da shi.

Wasu kan tace jerinsu da kwatanta adadin fotan masu ƙarfi da marasa ƙarfi. Yana aiki har zuwa 10²³ da 'yan kai, amma a kaurin Compton yana yaudara, domin idan hasken kai tsaye ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage a ƙasa da keV 2 shi ne hasken gas ɗin galaksin, sai cibiyar ta yi kama da wadda ba a lulluɓe ba.

Na'ura ɗaya ba ta isa

NuSTAR, wanda aka harba a Yunin 2012, shi ne ginshiƙin wannan aiki. Yana tattara haske daga keV 3 zuwa 79 da madubai biyu, kowanne da na'urar kamawarsa, FPMA da FPMB. Rauninsa shi ne hotonsa ba shi da kaifi: da'irar da ke ɗauke da rabin hasken ɗigo ɗaya ta kai kusan sakan 58 na kusurwa. Chandra, na 1999, yana rarrabe abubuwan da ke da tazarar rabin sakan, amma ba ya wuce wajen keV 8 zuwa 10. XMM-Newton, shi ma na 1999, ya fi Chandra tara fotan a wajen layin ƙarfe, wato layin da sinadarin ƙarfe ke fitarwa a keV 6.4, kaifinsa kuma tsaka-tsaki ne. XRISM na 2023 yana rarrabe layuka da kaifin kusan eV 5, inda na'urorin Chandra da XMM-Newton na yau da kullum ke wajen eV 130 zuwa 150.

Haɗin da ya fi dacewa shi ne NuSTAR tare da XMM-Newton a lokaci ɗaya, da hoton Chandra ko da tsoho ne don sanin maƙwabta. Ga cibiyoyin BAT, kallon sakan 20,000 na NuSTAR yakan isa a gane ko akwai kauri. Ga masu rauni ka shirya neman sakan 50,000 zuwa 100,000. Kafin ka rubuta buƙata, ƙirƙiri sifektiram na gwaji, wato zanen yawan fotan a kowane ƙarfi, da umarnin fakeit a manhajar XSPEC, da N_H daban-daban, ka ga ko lokacin da kake nema zai iya bambanta 8×10²³ da 3×10²⁴. Idan ba zai iya ba, ƙara lokaci ko ka sauya galaksi.

Maganar lokaci ɗaya ba ƙawa ba ce. A NGC 1365 an ga shingen ya sauya daga kaurin Compton zuwa ƙasa da shi cikin kwanaki kaɗan, saboda gajimaren gas da ke gilmawa. Ko NGC 1068, da N_H ɗinta ya kai wajen 10²⁵, NuSTAR ya ga haskenta na sama da keV 20 ya ƙaru a Agustan 2014 lokacin da shingen ya ɗan yi sauƙi. Idan ka haɗa bayanan shekaru daban-daban ka tilasta musu N_H ɗaya, za ka samu amsar da ba ta dace da kowannensu ba.

Tace bayanai

Kowace na'ura da manhajarta. NuSTAR yana bi ta nupipeline da nuproducts a cikin HEASoft, XMM-Newton ta SAS, Chandra ta CIAO da chandra_repro da specextract. Sabunta fayilolin daidaita na'ura kafin ka fara.

A XMM-Newton, abu na farko shi ne cire lokutan da furoton daga rana suka cika na'urar. Zana adadin fotan na keV 10 zuwa 12 a kan lokaci ga kyamarar pn, ka yanke inda ya haura kimanin 0.4 a sakan. Ga kyamarorin MOS iyakar da aka saba ita ce 0.35 a sama da keV 10. Sannan a saitin tace fotan ka ɗauki PATTERN har 4 ga pn, har 12 ga MOS, da FLAG sifili. Ba abin mamaki ba ne ka rasa kashi ɗaya bisa uku na lokacinka a nan.

A NuSTAR, buɗe hoton kowace na'ura da ido kafin komai. Wani lokaci haske daga wani abu mai ƙarfi da ke wajen fagen kallo yakan shigo ta gefe ba tare da ya bi ta madubi ba, ya bar wani yanki mai haske da baki kamar lanƙwasar da'ira. Kada yankin da za ka auna hasken bayan fage ya taɓa shi. Kowace na'ura guntaye huɗu ce, kuma hasken bayan fage ya bambanta a tsakaninsu, don haka ɗauki yankin daga guntun da cibiyar take. Ga cibiya mai rauni, da'irar sakan 30 zuwa 50 ta fi babba, domin babbar da'ira hayaniya take ƙarawa fiye da sigina. Ka kuma sani cewa na'urar kanta tana fitar da layuka tsakanin keV 25 da 35, daidai wurin da kake neman tudun Compton, wato tudun da hasken da ya dawo daga zoben ke yi a sifektiram. Zana sifektiram ɗin cibiya da na bayan fage a hoto ɗaya, ka tsayar da nazarinka inda suka haɗu. Sau da yawa wajen keV 25 ko 30 ne, ba 79 ba.

Yanzu sai maƙwabta, kuma nan ne ake yawan yin asara ba a sani ba. A galaksin Circinus, mai nisan kusan megafasek 4, wato wajen shekarun haske miliyan 13, akwai wasu maɓuɓɓugan eksire masu haske kusa da cibiya, ɗaya daga cikinsu ragowar fashewar tauraro ce, SN 1996cr. A NGC 5643 akwai wata mai tsananin haske da wani lokaci takan kai cibiyar kanta a ƙasa da keV 10. NGC 6240 kuwa cibiyoyi biyu gare ta, dukkansu a lulluɓe, Chandra ne ya raba su. Ɗora da'irar NuSTAR a kan hoton Chandra, ka fitar da sifektiram ɗin duk wani ɗigo da ke ciki, ka sa shi a samfurinka a matsayin ɓangare dabam. Idan ba ka yi haka ba, haskensu zai cike gurbin da shinge ya bari a keV 3 zuwa 8, N_H ɗinka ya fito ƙasa da gaskiya. Idan cibiyar tana da haske sosai a Chandra, duba ko fotan biyu suna faɗawa ɗigo ɗaya a karatu ɗaya, domin hakan yana ƙirƙirar fotan masu ƙarfi na ƙarya.

Kalli sifektiram kafin ka ɗora masa samfuri mai nauyi

Gwada layi mai sauƙi na raguwar haske a keV 3 zuwa 10. Cibiyar da ba a lulluɓe ba tana ba da ma'aunin gangara, Γ, na wajen 1.8 zuwa 1.9. Idan ka samu ƙasa da 1, shinge ne ko hasken da ya dawo. Sannan nemi layin ƙarfe a keV 6.4. A cibiyar da ke buɗe, faɗinsa idan an kwatanta da hasken da ke ƙarƙashinsa bai cika wuce eV 100 ba. A kaurin Compton yakan kai keV 1 ko fiye, ba don layin ya ƙaru ba, sai don an danne hasken da ake kwatanta shi da shi. Kusa da shi akwai ƙaramin layi a 7.06, da gangara mai kaifi a 7.11 inda ƙarfe ke fara shanye haske. Daga nan sifektiram ɗin yakan hau zuwa tudu a keV 20 zuwa 30. Kada ka rikita 6.4 da layukan 6.7 da 6.97, waɗanda na ƙarfe ne mai zafi, kuma galaksin da ke haihuwar taurari da yawa tana iya fitar da 6.7 ba tare da wani AGN ba.

Ka tuna nisa yana matsar da komai ƙasa: raba ƙarfin da 1+z, inda z shi ne ma'aunin matsawar hasken galaksi mai nisa zuwa ja. A z na 2, layin ƙarfe yana faɗowa kusa da keV 2.1, a z na 3, tudun Compton yana shigowa keV 5 zuwa 7.5. Shi ya sa dogon kallon Chandra na sakan miliyan 7 a kudancin sama ya iya kama ɓoyayyun cibiyoyi masu nisa ba tare da NuSTAR ba.

Gina samfurin

Ɓangarori biyar ne aka saba haɗawa: shanyewar gas na galaksinmu, hasken kai tsaye da ya huda zoben, hasken da ya dawo daga zoben tare da layukansa, ɗan kason da ya warwatso daga nesa ba tare da shinge ba, da gas mai zafi na ƙasa da keV 2. Na farko ka ɗauko adadinsa daga HI4PI, taswirar haidirojin na galaksinmu, ka kulle shi a tbabs, samfurin shanyewar gas a XSPEC. Ga Circinus, da ke kusa da faifan galaksinmu, ya haura 5×10²¹, ba abin rainawa ba ne.

Ga hasken da ya dawo, mutane sun daɗe suna amfani da samfurin pexrav na 1995. Shawararmu ita ce ka bar shi ga gwajin farko kawai. Yana ɗaukar cewa hasken ya bugi shimfiɗaɗɗen bango marar iyakar kauri, ba ya ba da N_H na abin da ya maido hasken, kuma ba ya haɗa layin ƙarfe da shi. Samfuran zobe sun fi: MYTorus na 2009, wanda zobensa ke rufe rabin sararin da ke kewaye da cibiya, borus02 na 2018, wanda ke barin ka ka nemo girman rufin, da UXCLUMPY da XCLUMPY na 2019, masu ɗaukar zoben a matsayin gungun gajimare. Tsohon BNTorus na 2011 an gano yana da kuskure a lissafin hasken da ya dawo, borus02 ne ya maye gurbinsa.

Da borus02, sai ka ƙara hasken kai tsaye da kanka, ta hanyar ninka zphabs (shanyewar gas) da cabs da zcutoffpl (hasken korona). Kada ka manta cabs. Shi ne ke cire fotan ɗin da karo da elektiron ya kautar, kuma a N_H na 3×10²⁴ kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne kawai ke wucewa ba tare da karo ba. Idan ka manta shi, ainihin hasken cibiya zai fito ƙasa da gaskiya da kusan ninki bakwai. Ɗaure Γ da ƙarfin haske na dukkan ɓangarorin da ke fitowa daga korona su zama ɗaya. Lura da ma'auni: zphabs yana ƙidaya N_H a ninkin 10²², borus02 kuma a logaridim yake karɓarsa, kuskuren haɗa su kai tsaye yana yawan faruwa. Teburan MYTorus da borus02 an lissafa su da yawan sinadarai na Anders da Grevesse, don haka daidaita saitin XSPEC da wannan.

Gwada siga biyu. A ta farko, N_H na layin gani da na zoben gaba ɗaya ɗaya ne. A ta biyu ka sake su, kowanne ya nemi nasa. Sau da yawa ta biyu ta fi dacewa da bayanai, kuma tana da ma'ana, tunda zoben ba dunƙule ɗaya ba ne. NGC 4945 misali ne mai kyau: N_H na layin gani ya kai 'yan ninkin 10²⁴, amma haskenta na sama da keV 10 yana sauyawa da sauri, alamar cewa hasken kai tsaye ne ke rinjaye kuma zoben bai rufe sarari mai yawa ba.

Kason da ya warwatso yawanci wajen kashi 1 cikin ɗari ne, ko 'yan kaɗan sama. Idan ya fito kashi 15 ko 20, kusan tabbas wani abu ne yake ɗauka wanda ba nasa ba, ko taurarin tagwaye masu fitar da eksire, ko shingen da bai rufe cibiyar duka ba. Ga ƙasa da keV 2, apec, samfurin gas mai zafi, a zafin keV 0.3 zuwa 0.8 yana cike gurbi, amma kada ka fassara shi a matsayin ainihin zafin gas: na'urar RGS ta XMM-Newton ta nuna cewa a NGC 1068 hasken cibiya ne ke kunna wannan gas. Sa ma'aunin daidaitawa tsakanin na'urori; FPMA da FPMB su yarda cikin 'yan kaso kaɗan, XMM-Newton da NuSTAR cikin kimanin kashi 10. Bambancin da ya fi haka sauyin haske ne ko maƙwabci.

Lissafin da ba ya yaudara

Chi-square, ma'aunin dacewar samfuri da bayanai, yana buƙatar fotan 20 zuwa 25 a kowane rukuni. Cibiyoyin da ke ɓoye ba su cika ba da wannan ba tare da ka haɗe rukunai har layin ƙarfe ya ɓace ba, don haka yi amfani da ƙididdigar Cash. A XSPEC, idan ka sa cstat, wato ƙididdigar Cash, tare da fayil ɗin bayan fage, tabbatar kowane rukuni yana da aƙalla fotan ɗaya na bayan fage, ya fi kyau uku zuwa biyar, in ba haka ba sakamakon yakan karkata.

Babbar matsala ita ce amsoshi biyu masu dacewa daidai wa daida. Ɗaya tana cewa N_H wajen 8×10²³ ne, Γ a kwance, hasken kai tsaye muke gani. Ɗayar tana cewa N_H ya wuce 5×10²⁴, hasken da ya dawo kaɗai muke gani, cibiyar kuma ta ninka ta farko ƙarfi sau goma ko fiye. Manhajar za ta tsaya a duk wadda ta fara tararwa. Fara daga wurare daban-daban, ka bi N_H daki-daki da steppar, ka zana shi tare da Γ da kuma girman rufi. Ga ma'auni ɗaya, iyakar tabbacin kashi 90 ita ce ƙarin 2.71 a ƙididdigar, ga biyu tare, 4.61. Manhajar BXA tana binciko dukkan filin lokaci ɗaya, kuma ta fi dacewa idan fotan ba su da yawa. Idan Γ ya manne a 1.4, ƙarshen teburin ke nan, ba amsa ba ce. Idan kuma N_H ba shi da iyaka ta sama, rubuta shi a matsayin "ya haura kaza", kada ka ba da adadi ɗaya.

Ainihin haske da gwajinsa

Lissafa ainihin hasken keV 2 zuwa 10 daga Γ da ƙarfin layin korona shi kaɗai. Mayar da N_H sifili a teburin zobe ba ya ba da wannan. A kaurin Compton, gyaran yakan kai ninki 30 zuwa 100 ko fiye, kuma ya dogara da siffar zoben da ka zaɓa, saboda haka ka ba da sakamakon samfura biyu ko uku gefe da gefe. Tazararsu ta fi kuskuren ƙididdiga faɗin gaskiya.

Daga nan ka koma ga infirared. Hasken cibiya a maikuron 12 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ainihin hasken eksire, yawanci ya ninka shi kamar sau biyu, in dai an auna shi da hoto mai kaifi da ya ware cibiya daga galaksin. Adadin da ka gani kafin gyara ya kamata ya faɗi can ƙasa da wannan layi, wanda ka gyara kuma ya hau kansa. Idan ya tsaya ninki goma ƙasa da layin, wataƙila ka zaɓi amsar da ke da ƙaramin N_H bisa kuskure. Idan ya zarce sama sosai, girman rufin da samfurin ya ba ka ya yi ƙanƙanta. Ga cibiyoyi masu rauni, lissafa kuma abin da taurarin tagwaye za su bayar, wato 'yan ninkin 10³⁹ na eg (ma'aunin makamashi) a sakan ga kowane nauyin rana ɗaya na sababbin taurari a shekara. Idan hasken da ka auna bai wuce wannan sosai ba, sai layin 6.4 mai faɗi ko tudun sama da keV 10 ya fito fili kafin ka rubuta cewa ka samu cibiya mai kaurin Compton.